Manjan da ya fitar da maƙwabtana waje cikin sanyi

Yaya, kin ce in ba ki labarin Landan. To ga abin da ke raina tun makon jiya.

Na ɗora manja zan soya miya, sai kiran Inna ya shigo, na koma falo. Ko gaisuwa ba mu gama ba na'urar hayaƙin da ke manne a silin ta fara ihu, ta farfajiyar benen ta karɓa. Kafin in sauke tukunya mutane sun cika matakala, babu mai taɓa lif. Har wata tsohuwa mai sanda aka riƙo aka sauko da ita, ana yayyafi. Motar 'yan kwana-kwana ta iso ban ma daina rawar jiki ba. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Jami'in da ya shigo kicin ɗina bai kula tukunyar ba. Takalmin da na tokare ƙofar gidan da shi don hayaƙi ya fita, shi ya nuna mini. Ashe ƙofar nan mai nauyi da nake ƙorafin tana rufe kanta an yi ta ne ta tare wuta da hayaƙi na minti 30, ni kuwa na sakar wa maƙwabta hayaƙin a hanyar gudunsu. Ya danna na'urar ya gwada, ya ce in riƙa yin haka duk wata. Ko sisi bai nema ba.

Su ma da rayuka suka koyi wannan. Ran 14 ga Yuni 2017 firij ya kama wuta a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24 a nan Landan, abin da aka lulluɓe bangon waje da shi ya kai wutar har sama, mutum 72 suka mutu. Matakala ɗaya ce a ginin, hayaƙi ya cike ta.

A daren nan gidanku na Kubwa kawai nake gani. Ku ma matakala ɗaya ce, a ƙarƙashinta jarkokin fetur na janareta ke jere. Kowace taga an yi mata waldar ƙarfe, get a garƙame, makulli yana aljihun maigadi. Ga hitar ruwa da ake mantawa a bokiti idan an ɗauke wuta, a dawo da ita kowa na barci. Na san tsoron ɓarayi ne, kuma ina kewar gidan da zan soya manjana ba wanda ya ɗaga kai. Amma ta ina yaran za su fita daga hawa na uku? Sai an yi asara mu ce ƙaddara, alhali jarkar da hannunmu muka ajiye ta.

Don Allah ki sa maigidanki ya yi wa maƙwabta magana a fitar da fetur ɗin tsakar gida. A kira mai walda ya yi wa ƙarfen tagar ɗakin yara ƙofa, makullin a rataye kusa. Na sayi na'urar hayaƙi biyu masu batir, zan ba mai zuwa Abuja ya kawo muku.