Hattara mutanen Yamai: masu yawo suna cewa ramin gidanku ya cika

Jama'a, don Allah ku isar da wannan ga iyayenmu mata da ke wuni su kaɗai a gida. Akwai wasu samari biyu da ke yawo a kan moto, ɗaya da jakar kayan aiki, ɗaya rungume da jarka, suna sallama gida gida wai su masu gyaran pampo ne. A gidan mahaifiyata da ke Bukoki sun ci jika 60, ko ƙusa ɗaya ba su gyara ba.

Tun watan Afrilu makewayin cikin ɗaki ya fara wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma duk sanda aka kora ruwan masai sai a ji magudanar wurin wanka tana ƙugi kamar mai kurkure maƙogwaro. Ruwa kuwa yana wucewa lafiya lau. Da suka zo, babbansu ya shiga ya shinshina, ya fito ya ɗaga murfin ramin ƙazanta na gidan, ya nuna mata ruwa har kusa da baki. Ya ce, "Hajiya, kin gani da idonki. Kwana uku ya rage ƙazanta ta dawo miki tsakar gida." Tsohuwa mai kaffa-kaffa da tsarkinta, a ce mata najasa za ta malalo har inda take shimfiɗa darduma, ina za ta tsaya ciniki? Suka sayar mata da jarkar "magani daga waje" jika 25, suka tuttula rabi a masai da wurin wanke hannu. Suka karɓi jika 35 kuɗin tiyo, wai za su je kasuwar Katako su dawo bayan la'asar. Har yau lambarsu a kashe take.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da gaskiya suka yi mata ƙarya. Ramin fos mai ɗakuna, wanda ke zubar da ruwansa cikin rijiyar tsotsewa, kullum cike yake da ruwa har bakin bututun fita. Haka aka gina shi. Cikarsa ta gaskiya da kaurin lakar da ke ƙasan ramin ake gane ta, a zura doguwar sanda a ga inda baƙin ya tsaya. Yamai ba ta da babbar magudanar ƙazanta da ta haɗe gidaje, kusan kowa da raminsa yake zaune, shi ya sa wannan tsoro ke saurin kama mutane.

Washegari na kawo wani dattijon ma'aikaci na unguwarmu. Bai tambayi ko dala ba sai da ya buɗe ɗan akwatin siminti da bututun gidan ke haɗuwa a ciki, ya sa na zuba bokiti ɗaya a masai. Muna kallo ruwan ya zo ya wuce fuu, bai tsaya ba. Ya ce, "Ɗana, ƙasa lafiya take, kawo tsani." A saman rufi muka tarar da bututun iska, wannan da ke tsaye ba ya ɗaukar ruwa, zanzaro ya cike bakinsa da ginin laka, ga guntun leda da ƙurar hunturu.

Ga yadda ya fahimtar da ni. Ƙarƙashin kowane wurin wanka ko wanke hannu akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ruwa kamar santimita 5, ruwan nan ne ke tare wari. Idan ruwan masai ya gangara cikin tiyo mai faɗin milimita 100, yana jan iska a bayansa. In bututun sama ya toshe, sai ya zuƙo iskar ta cikin lanƙwasar, ya tafi da ruwanta. Wannan ne ƙugin, wari kuma ya samu ƙofa. A zafin Afrilu da Mayu ma, makewayin da aka kwana biyu ba a shiga ba ruwan lanƙwasarsa kan ƙafe da kansa, buta ɗaya ta isa magani. In wuri guda ne kawai ke jinkirin wucewa, gashi ne ko maiƙo a nan kusa. Sai in duk gidan ya tsaya, ruwa ya taru cikin akwatin, sannan a fara zancen babban bututu ko motar yashe rami.

Abin cikin jarkar kuwa asid ne. Ya yi zafi har ya sassauta mahaɗin tiyon wurin wanke hannu, sai da muka canza. Allah ya kiyaye ƙanwata ba ta bi shi da ruwan jabel ba, domin haɗuwarsu hayaƙi ne mai shaƙe numfashi.

Duk wanda ya zo muku, ya buɗe akwatin nan a gabanku, ya hau ya duba bututun iska, kafin a yi maganar kuɗi. Tiyo kuma ku tura yaronku ya sayo da kansa. Kada ku yarda a sa wani yaro ya shiga rami, iskar ciki tana kashewa cikin mintoci. Mun kai ƙara wurin ƴan sanda tare da sauran jarkar. In sun bar muku irinta, ku rufe ta, ku ɗauke ta daga inda yara ke kaiwa, kada a zuba ta a kwata.