Ƙaramar bindigar toka: wace za ka saya, da wane albarushi, da wace dalma

Wanda ya taɓa hawa Ɗa'ifa ta Saudiyya ya kalli ta'ashir, rawar bindiga ta gargajiya, ba ya mantawa. Saurayi ya daka tsalle, ya juya bakin muƙamma, bindigarsu ta toka, ƙasa, ya saki wuta ƙarƙashin ƙafafunsa, farin hayaƙi ya turnuƙe fili. Mu da muka san 'yan bindigar Sarki a hawan Sallah, warin albarushin nan gida yake tuna mana. Daga nan sha'awar ke kama samarinmu na Makka da Jidda, har ka ji wani yana tambayar ta ina zai fara da ƙaramar bindigar da ake ɗurawa ta baki. Sai dai a ta'ashir albarushi kaɗai ake zubawa, babu dalma. Ranar da ka sa dalma ka auna allo, ka shiga wani fage daban, kuma a kansa nake son mu yi magana.

Kafin kuɗi su fita daga aljihunka, ɗan'uwa, takarda tukuna. Dokar makamai da harsasai ta Saudiyya ta fito a shekarar 1426 ta Hijira, wato 2005, kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke ba da lasisi, hidimomin suna cikin Absher, manhajar ma'aikatar. Hukuncin ɗan ƙasa daban, na baƙo mai iƙama, wato takardar zama, daban, saboda haka kowa ya je ya ji nasa daga bakin hukuma ko kulob ɗin harbi mai rajista. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ai wannan ta gargajiya ce, ko ai a wasu ƙasashe ba a neman takarda a kanta. Nan ba can ba ne. Harbi a wurin biki laifi ne da ake hukuntawa, albarushi da hular tartsatsi, 'yar hular da ke kunna shi in an buge ta, kuma ba sa hawa jirgin fasinja, balle ka ce wani zai riƙo maka daga waje.

Wannan ne ya sa nake cewa a juya tsarin sayayya. Yawancin mutane bindigar suke fara zaɓa don kyan ƙotarta, daga baya su shiga neman abin da za ta ci. Kai ka fara tambayar dillali mai lasisi wane albarushi da wace hula yake iya kawo maka a kai a kai, sannan ka zaɓi bindigar da ta dace da su. Baje kolin shaho da kayan farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad, wuri ne mai kyau na yin wannan tambayar ido da ido.

Iri uku za ka tarar. Akwai mai ƙanƙara, wadda aka daidaita ƙirarta a Faransa tun farkon ƙarni na 17: dutse ya ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya faɗa ɗan kasko mai garin albarushi, wuta ta bi ƙaramin rami ta shiga ciki. Tana da daɗin kallo, amma makaranta ce mai zaman kanta. Sai ka koyi ɗaure ƙanƙara da gyara bakinta, sai ka saba da walƙiyar da ke tashi gaban idonka ba tare da hannu ya motsa ba, kuma ba ta yarda da komai sai albarushi na asali. Ban ba mai farawa shawarar ta ba.

Akwai libarba, irin Colt 1851 mai faɗin baki .36 na inci da Remington 1858 mai baki .44, waɗanda kamfanonin Uberti da Pietta ke ƙerawa sababbi a yankin Bireshiya na Italiya. Ita ce ke jan hankalin samari saboda ramuka shida. Ka tuna ramuka shida na nufin ɗuri shida, hula shida, da wanki mai yawa, ga kuma haɗarin wuta ta tsallaka ramin da ke kusa su tashi tare idan dalmar ta yi ƙanƙanta ko hular ta yi sako-sako. In lallai ita kake so, ɗauki mai jikin ƙarfe. Mai jikin tagulla ta fi araha da sheƙi, amma ɗuri mai nauyi yana sassauta ta da tafiyar lokaci.

Tawa shawarar ita ce ta uku: mai harbi ɗaya, mai hular tartsatsi, baki .45, wato milimita 11 da ɗoriya, mai murɗaɗɗiyar tsaga a cikin bututu. Tun da wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar kunna bindiga da bugu a 1807, hanyar ta sauƙaƙa har ta kai ga 'yar hular nan ta jan ƙarfe. Kamfanin Pedersoli na Italiya na yin masu kyau, na Sifaniya kuma sun fi sauƙin kuɗi kuma suna isar mai koyo. Rami ɗaya gare ta, hankalinka wuri ɗaya yake. A gasar ƙasa da ƙasa ta masu irin waɗannan bindigogi, daga mita 25 ake harbi, sau 13 cikin minti 30, a ƙirga 10 mafi kyau. Ka ga ba wasan gaggawa ba ne.

Yanzu albarushi, inda magana ta fi nauyi. A jikin gwangwani za ka ga Fg, FFg, FFFg ko FFFFg. Yawan harafin na nuna laushin ƙwayar, kuma mai laushi ya fi saurin ci. Fg na igwa ne da manyan bakuna, FFg na dogayen bindigogi, FFFg shi ne na ƙaramar bindiga, FFFFg kuwa na kaskon mai ƙanƙara ne kawai, kada ka ɗura shi a bututu. Cikin sunayen da aka sani akwai GOEX na Amurka, Schuetzen na Jamus, da Swiss wanda ya fi su ƙarfi a awo ɗaya.

Akwai kuma madadinsa. Pyrodex ya shigo kasuwa a 1976, mai harafin P shi ne na ƙananan bindigogi, kuma da mudu ake auna shi daidai da albarushi, ba da sikeli ba, domin ya fi shi rashin nauyi. Triple Seven ya fi zafi, shi ya sa ake rage kusan kashi 15 cikin 100 na awon. Dukansu sun fi albarushi na asali wuyar kamawa, abin da ya sa ba sa aiki a mai ƙanƙara. Wasu na cewa madadin ba ya bukatar wanki. Ba gaskiya ba ne, Pyrodex na cin ƙarfe kamar na asali. Idan duka biyun na samuwa ta halastacciyar hanya, ni FFFg na asali zan ɗauka don saurin kamawarsa.

Abu biyu kuma babu sassauci a kansu. Garin da ke cikin harsashin zamani, marar hayaƙi, ba ya shiga wannan bindiga ko da ƙwaya kaɗan ne. Sau da yawa shi ma baƙi ne a ido, amma matsin da yake haifarwa na fasa bututu a hannun mai harbi. Na biyu, duk garin da aka miƙo maka a leda ko kwalbar ruwa babu suna babu lamba, ka bar wa mai shi. Ba ka san ƙarfinsa ba, kuma mallakarsa kaɗai na iya jefa ka hannun hukuma.

Da giren, wani ƙaramin ma'aunin nauyi, ake awo, giram ɗaya kusan giren 15 da rabi ne. Ga mai baki .45, giren 20 na FFFg mafari ne mai kyau, libarba .36 kuma 15 zuwa 20. Littafin da ya zo da bindigarka shi ne alƙali, in ya saɓa da ni ka bi shi. Allon takarda ba ya bukatar ɗuri mai nauyi, sau da yawa ƙaramin ɗuri ya fi tara harbi wuri guda.

Dalma iri biyu ce a kasuwa: mulmulalliya da mai tsini. Mai tsinin ta fi nauyi, ta fi dukan hannu, ta fi wuyar zaunarwa daidai, kuma murɗin yawancin waɗannan bututun don mulmulalliya aka yi shi. Ka fara da mulmulalliya. A mai harbi ɗaya ana sayen wadda ta ɗan gaza bakin, a naɗe ta da ƙyalle: baki .45 na cin .440, mai nauyin kusan giren 128, da ƙyalle mai kaurin .010 zuwa .015 na inci. Baki .50 na cin .490. Ƙyallen shi ke kama tsagar ya toshe iska, don haka ya zama auduga zalla ko lilin, domin mai haɗin roba narkewa yake ya manne a ciki. Bayan harbi ka tsinci ƙyallen a ƙasa ka duba. In ya fito da da'irar baƙi ba tare da huda ba, haɗinka ya yi. In ya ƙone ko ya yayyage, ƙara kauri ko maiko.

Libarba akasin haka take. Ba a sa ƙyalle, dalmar ce ke ɗan fin ramin girma, ta yadda in ka danna ta za ta aske siririn zobe a baki. Zoben nan shi ne shaidar ramin ya toshe. Mai .36 na cin .375 ko .380, mai .44 kuma .454 ne aka fi amfani da shi. Ko wace iri ce, dalmar ta zama tsantsa mai taushi wadda farce ke yi wa shaida.

Maikon ƙyalle ba ya bukatar kuɗi mai yawa: kitsen rago da kakin zuma sun daɗe suna wannan aiki, kuma ka san abin da hannunka ke taɓawa. Man fetur da danginsa in sun haɗu da tokar albarushi kwalta suke zama. Ita kuma dalma guba ce. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara, ya isa ya sa ka wanke hannu kafin cin abinci, ka kuma nisanta kayan daga yara.

Hula lamba 10 ce ko 11, kuma lambar wani kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wani ba. Sayi gwangwani ɗaya ka gwada kafin ka tara. Wadda ta dace za ta zauna daram a kan hancin, ɗan ƙarfen nan mai rami da ake ɗora ta a kai, ba sai ka matse ta ba, kuma ta tashi a bugu na farko.

Ranar farko ka je tare da wanda ya iya, da tabarau da abin toshe kunne. Zuba albarushi daga gora zuwa mudu, daga mudu zuwa bututu. Kada ka taɓa kafa gorar a bakin bindiga, domin ɗan garwashin da ya rage a ciki zai iya tashi da gorar gaba ɗaya. Tura dalmar har ta zauna a kan garin, kada a bar sarari tsakaninsu, sannan ka yi wa sandar ɗuri alama a daidai baki don ka riƙa gane mai ɗuri da marar ɗuri. Fuskarka kada ta leƙa bakin. Hula ita ce ta ƙarshe, sai ka tsaya a layi bakin na kallon allo. In ka ja kunama ba ta tashi ba, ci gaba da auna allon har minti ɗaya, don wani lokaci wutar jinkiri take yi.

Fiye da rabin albarushin da ka ƙona ba ya zama iska, hayaƙi da toka yake zama, kuma tokar nan gishiri ce mai jan laima. A busasshiyar iskar Ɗa'ifa tana iya ɗaga maka ƙafa, amma a Jidda dare ɗaya ya isa tsatsa ta fito. Ranar da ka yi harbi ranar za ka wanke: cire hancin, ruwan ɗumi da ɗan sabulu, goga har ƙyalle ya fito fari, busar sosai, shafa mai. Gwangwanin albarushi kuma ya zauna a rufe a wuri mai sanyi, nesa da hulunan, kada ya wuni a mota cikin zafin Makka.