Kwando, keji ko a bar wa maƙwabta? Kafin ka tafi hutu da dabbar gida

Duk ƙarshen zangon karatu, da duk ƙaratowar Sallah, idan ka leƙa tashar Gumel za ka tarar da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da aka turo ƙauyuka sun ɗaure kaya za su gida, kuma a cikin kayan akwai mai motsi. Wannan da kwali an huhhuje shi, wancan da buhu yana mutsu-mutsu, ga wata baiwar Allah ta rungume kejin aku ta lulluɓe da mayafi. Ni ma a cikinsu nake. Ina koyarwa a wani ƙauye a ƙasar Gumel, gida kuwa yana wajen Bichi, kuma tun ranar da yarana suka tsinto wata 'yar kyanwa a bayan aji, tafiya hutu ta zame mini lissafi biyu.

Karon farko a kwalin taliya na sa ta. Ranar Lahadi ce, kasuwar Gujungu na ci, mota ta tsaya cikin cunkoso rana na dukanta. Ashe kyanwar ta yi fitsari, gindin kwalin ya jiƙe, ta sa farce ta yage shi ta shige ƙarƙashin kujeru. Wata tsohuwa ta ɗaga ƙafafu tana salati, direba ya waiwayo ya ce, "Haba Malam, ai da ka ce da fasinja ka taho, da mun caje ka kuɗin kujera." An yi dariya, amma ni da na kwanta rub-da-ciki ina lalube tsakanin buhunan mutane ban ga abin dariya ba. Tun daga ranar na shiga gwada abin ɗauka iri-iri.

Amma kafin ka kashe ko sisi, tambayi kanka ko tafiyar ma ta zama dole. Kyanwa da gida take sabawa. Kare da mutum yake sabawa, duk inda ubangidansa ya sa ƙafa nan ne gida. Tantabara kuwa ɗakinta ta sani: ka kai ta garinku ka sake ta, sau da yawa za ta riga ka komawa, in kuma hanya ta ɓace mata shaho ya samu kalaci. Saboda haka idan hutun bai wuce mako ɗaya ko biyu ba, kyanwa da tantabaru zamansu ya fi tafiyarsu, kuma abin da za ka nema mutum ne, ba keji ba.

A nan ma akwai zaɓi. Yaron maƙwabta zai karɓi amana da murna, to amma ranar hawan Sallah ba za ka gan shi ba sai dare. Matar aure ko tsohuwa da ke wuni a gida ta fi shi nesa ba kusa ba. Ka auna mata geron tantabarun na kwanakin, har da ƙari, ka nuna mata kaskon ruwa, don ruwa shi aka fi mantawa da shi, ka bar mata ɗan abin goro, in ka dawo kuma ka riƙo tsaraba. Abin da ba ya cikin zaɓi shi ne a kulle dabba a ɗaki da kwanon tuwo a ce kwana huɗu ne kawai. Kowa ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Aku ne kaɗai nake cewa a tafi da shi ko da hutun gajere ne, ko a kai shi gidan da ake hayaniya, domin tsuntsu ne mai son jama'a; kaɗaici na sa shi ya dinga tsige gashin jikinsa.

To, dogon hutu ya zo, tafiya ta tabbata. A me za a sa kyanwa?

Buhu shi ne mafi arha, kuma shi ne mafi muni. Ba iska, ba wurin tsayuwa, ga yaron mota ba ya bambance shi da buhun albasa, sai ya ɗora jarka a kai. Kwali kun ji labarinsa. Ya isa a kai ɗan kyanwa daga wannan unguwa zuwa waccan, ba tafiyar awa uku ba.

Kwandon saƙa irin na masu kaji, na kara ko na kaba, yana da abin yabo. Iska na shiga ta ko'ina, ba ya ɗaukar zafi, ba nauyi, kuma ana samunsa a kowace babbar kasuwa: Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Gujungu da Dambatta ranar Lahadi. Don kaji aka yi shi dai, kuma kaza ba ta da dabarar kyanwa. Duk inda kan kyanwa ya shiga, jikinta zai bi. Ka zura yatsu a saƙar ka gwada: in yatsu uku sun wuce ba wahala, ajiye shi. Sannan bakinsa a buɗe yake, sai ka nemi raga ka ɗaure, kuma a wajen ɗaurin nan ake yin asara.

Kejin waya da mai walda zai haɗa maka ya fi kowanne ƙarko, jikokin kyanwar ma za su shiga. Aibinsa uku ne. Yana da nauyi, ƙarfe na ɗaukar zafi in rana ta doke shi, kuma masu walda kan bar tsinin waya a ciki wanda zai yanki dabbar da ta firgita. In shi za ka yi, ka shafa cikinsa da tafin hannunka kafin ka biya, ka ce a sa katako a ƙasa, a kuma yi ƙofar da sakata, ba lanƙwasasshiyar waya ba.

Akwai kuma akwatin roba na kanti da aka yi musamman don wannan aiki, mai ƙofar ƙarfe da hannun riƙewa. Sai a birni ake samunsa, wajen masu sayar da magungunan dabbobi, kuma kuɗinsa zai sayi kwando da yawa. Ga wanda ke kai-da-kawo tsakanin Abuja da gida sau huɗu a shekara a motarsa, ya ci kuɗinsa. Ga malamin firamare irina, a'a.

Wanda na tsaya a kansa shi ne kwandon roba mai murfi, irin wanda mata ke zuba kayan jarirai ko kulolin abinci. Yana da huji ta kowane gefe, gindinsa ba ya jiƙewa, ana wanke shi da omo, ga hannu biyu na riƙewa, kuma yana zama daram a kan cinya. Rauninsa maɓallin murfin, wanda kyanwa kan tura da ka ta ɓalle. Tsinken robar tayar keke ya raba gardama: ka zagaya shi sau biyu ka ƙulle. Wajen girma, ka zaɓi wanda za ta iya tsayuwa, ta juya, ta kwanta. Kada ya wuce haka da yawa, don a babban kwando duk birkin da direba ya taka sai ta gangara ta bugu. Ka shimfiɗa tsohon zanen da ta saba kwanciya a kai. Wata dabara da ba ta cin ko kwabo: ka ajiye kwandon a buɗe a ɗaki tun saura kwana huɗu ko biyar, kana jefa mata ɗan kan kifi a ciki. Ranar tafiya da ƙafarta za ta shiga.

Na tsuntsu ba shi da tsawo. Ƙaramin keji ya fi wanda yake kwana a ciki, a cire lilo da duk abin da ke reto, a rufe gefe uku da yadi mara kauri a bar ɗaya. Ruwa zubewa zai yi kafin a kai Gezawa, don haka yankan kankana ko gwanda ya fi. Fiya kam kada a kuskura, guba ce ga aku. Kar ka ari kwandon da ya je kasuwar kaji sai ka wanke shi ka shanya a rana, musamman da hunturu, lokacin da annobar kaji ke share akurki. Tantabara ma tana ɗauka. Waɗanda suka yi kiwo a 2006, shekarar da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna ta shigo Kano, ba sai an yi musu wannan bayani ba. Mai shirin ƙetarawa Nijar ta Maigatari da aku mai jan wutsiya kuma ya sani cewa tun 2017 yarjejeniyar duniya ta hana fataucin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, ba tsuntsun da za a ratsa iyaka da shi sakaka ba ne.

Kare shi ne babban aiki, kuma matsalarsa mota ce, ba keji ba. A ƙasar nan babu fasinjan da zai yarda ya zauna kafaɗa da kafaɗa da kare yana lasar masa riga, ban kuma ga laifin kowa ba. Abin da ɗan kamasho zai ce maka shi ne a sa shi a but. Kada ka yarda. But ɗin ƙaramar mota ba iska, ga hayaƙin salansa, ga zafi, kuma kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Jigawa ke haura digiri 40, rufaffiyar mota kabari ce, ko an tsaya ne kawai a yi sallar azahar.

Zaɓin gaskiya biyu ne. Ko ka yi shatar mota, wanda ya fi tsada amma kai ke da ikon cewa a tsaya a sha ruwa, ko ka nemi a-kori-kura kamar yadda 'yan farauta ke yi da rani. In bayan a-kori-kura ne, ka shimfiɗa tabarma ko buhu don ƙarfen na ƙona tafin ƙafa, ka yi masa inuwa, ka ɗaure shi gajere a tsakiya yadda ba zai kai gefe ba. Karen da aka ɗaure da doguwar igiya a wuya, in ya hango akuya ya yi tsalle, rataye kansa zai yi. Shi ya sa ɗamarar ƙirji ta fi abin wuya, kuma ba sai ka saya ba, baduku ko mai ɗinkin jaka zai haɗa maka da igiyar jakar makaranta. Takunkumi kuma ka zaɓi mai kama da ɗan kwando, wanda zai iya buɗe baki ya yi haki. Na yadi mai matse baki na mintoci ne, lokacin allura, ba na hanya ba. Babur ya isa ga ɗan kwikwiyo a kwando zuwa ƙauyen da ke kusa, shi ke nan.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci ba ya cikin kaya: allurar rigakafin haukan kare. Ana fara ta daga wata uku da haihuwa, a maimaita duk shekara, kuma kyanwa ma ana yi mata. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana haɗa ta, akwai kuma ta waje. Ba sunan kamfani ne abin dubawa ba, sanyi ne. Allurar da ta wuni a kan tebur a kasuwa ba abin dogaro ba ce, ko da arha ce. Ka je asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma, ko wurin malamin dabbobin da ka ga ya ciro ta daga firji ko kula mai ƙanƙara, ka karɓi kati, kuma ka yi tun saura kamar wata guda, don jiki na bukatar lokaci. Karenka zai tarar da karnukan garinku da ba wanda ya san tarihinsu. In tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Cutar nan in ta bayyana ba ta da magani.

Masu ba da shawara a tasha ba sa ƙarewa. Wani zai ce ka ba kyanwar rabin farasitamol ta yi barci. Farasitamol kashe kyanwa yake yi, ko kaɗan ne. Haka wasu magungunan kaska da ƙuma na kare ko na shanu, in aka shafa wa kyanwa sai farfaɗiya. Abin da ke rage amai da kuka a hanya bai wuce a tsayar da abinci awa uku ko huɗu kafin tashi ba, a bar ruwa, a kama motar farko bayan sallar asuba. Ni nakan biya kuɗin kujera biyu in zauna gefen taga, ɓangaren da rana ba ta bugu. Ya fi shata sauƙi, ya kuma fi jin kunya sauƙi.

Sai isa gida. Kwana uku na farko a ɗaki ɗaya take zama, da kaskon yashi a lungu, ƙofa a rufe, in ba haka ba za ta haura katanga neman hanyar Gumel. Kuma a tambayi masu gida tun kafin a taso. Ni ban tambaya ba a shekarar farko, sai da 'yan tsakin Inna biyu suka yi ɓatan dabo. Ba ta ce komai ba sai da za mu koma, tana miƙo mini ƙullin daddawa ta ce, "Ɗan nan, baɗi in za ku zo, ku zo da yaran kawai." Yanzu in dogon hutu ya ƙarato nakan buga wa ƙanena waya in ji ko kazar Inna na kwanci. Bana ya ce tana kan ƙwai goma sha ɗaya, don haka kwandon na rataye a ƙusa, na kuma riga na kai wa maƙwabciyarmu ƙullin busasshen kifi da mabuɗin zaure.