Beyar Kodiak Ko Girizili: Wanne Ya Fi Cancantar Kallo?

Mai sha'awar ganin beyar mai ruwan ƙasa a Amurka yana da zaɓi da dama, ciki har da waɗannan biyu: beyar Kodiak da girizili. Na Kodiak yana zaune ne a tsibiran kudancin Alaska, inda kimanin 3,500 suke rayuwa, kuma saboda yalwar kifin salmon a koguna, babban namiji kan haura kilo 600, har ma a ga da yawa sun taru a gaɓa ɗaya suna kamun kifi. Girizili na gandun dajin Yellowstone da ke yammacin Amurka kuwa bai kai shi jiki ba, domin saiwoyi, 'ya'yan itatuwa da 'yan maruƙan barewa yake nema a fili mai faɗi, kuma a 1975 aka sa shi cikin jerin dabbobin da doka ke karewa saboda barazanar ƙarewa. A ganina Kodiak ya fi, sai dai zuwa wuraren kallonsa yakan buƙaci ƙaramin jirgin sama, alhali Yellowstone mota ma tana kaiwa.