Wasiƙa daga Landan: tashar Clapham Junction

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ga labarin tashar da nake sauya jirgi a hanyar aiki, tunda na san ƙaunarka da zancen reluwe.

Clapham Junction tana unguwar Battersea, kudu maso yammacin Landan. A 1863 aka buɗe ta, kusan shekara hamsin kafin layin dogo ya iso Kano. A nan layukan da suka taso daga tashoshin Waterloo da Victoria na tsakiyar Landan suke haɗuwa, sannan su watsu zuwa kudancin Ingila. Dandamalin hawa jirgi 17 gare ta, kuma jirage wajen 2,000 ke ratsa ta kullum.

Ginin ba abin a zo a gani ba ne. Tsohon bulo ne, hanyar ƙarƙashin ƙasa kuwa ƙunci gare ta, da safe kafaɗa da kafaɗa ake tafiya. Wallahi tashar Idu ta Abuja ta fi ta kyan gani. Amma ka ga aiki! Ba ka bin layin tikiti, katin banki kawai za ka ɗora, ƙofa ta buɗe. Jirgi ya makara minti 15, ka cike takarda a intanet a mayar maka da wani kaso na kuɗinka. Mai keken guragu kuwa, ma'aikaci na nan tsaye yana jiransa, ya shimfiɗa masa ɗan tudun ƙarfe har cikin tarago.

Sai dai akwai tsada. Kuɗin jirgin sassafe ya fi na tsakar rana, kofin gahawa kuma ya haura fam uku, shi ya sa nake fita da fulas ɗina.

Mutanen nan ma sun ɗanɗana baƙin ciki. Ranar 12 ga Disamba 1988 jirage uku suka yi karo dab da tashar, mutum 35 suka rasu. Bincike ya gano wata tsohuwar waya ce aka bari a sake, ta rikita fitilar ba da hanya, kuma ma'aikacin da ya yi aikin sauya wayoyin ya yi mako 13 yana aiki kusan kullum ba hutu. Bayan nan ne aka ƙayyade awoyin aikin irin waɗannan ma'aikata.

Duk sa'ad da na tsaya a gadar sama ina kallon layukan nan, Kafanchan ke faɗo mini a rai, mahaɗar da ta ciyar da gari guda. Don Allah, Yaya, ka rubuto mini halin da take ciki yanzu. A gaida Inna da yara.