Kokoroko: kiɗan da sifikar waya ba ta iya ɗauka

Sana'ata cajin waya da tura waƙoƙi a wani ƙauye kusa da Ringim. Abin da aka fi nema a shagona waƙoƙin fim ne da na siyasa, sai dattawa masu son Shata. Ba wanda ya taɓa cewa in sa masa Kokoroko, wata ƙungiyar makaɗa ta Ingila, kuma ban ga laifin kowa ba. Ko a Landan inda ƙungiyar take, an fi ambaton takwarorinsu Ezra Collective, waɗanda suka ci Mercury, babbar kyautar kiɗa ta Birtaniya, a 2023.

Ƙanena da ke karatu a Dutse ne ya turo mini sabon kundin Kokoroko, Tuff Times Never Last, na 2025. Daga nan na bi baya na nemo na 2022, Could We Be More.

Tushen kiɗan nasu afrobeat ne, irin wanda Fela Kuti da makaɗinsa Tony Allen suka kafa a Legas, ba irin na samarin yanzu da ake haɗawa a kwamfuta ba. A kan wannan tushe suka ɗora jazz da funk, salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka. Ganga ba ta tsaya ga bugu ɗaya, mai jitar bes yana ta zagaye a ƙasa, sai masu busa su shigo gaba ɗaya, sannan ɗaya ya ware ya yi nasa, sauran su jira shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu algaita ranar hawan sallah a Hadejia zai gane wannan karɓa-karɓar. Kuma mai jagorantar busar mace ce, Sheila Maurice-Grey. Wannan kaɗai ya sa samarin da ke zama a bencina suka ce sai sun ga bidiyo kafin su yarda.

Wani dattijo mai sayar da goro a gefena ya saurara na ɗan lokaci, ya ce, "Kai yaro, yau kuma badujalar sojoji ka samo mana?" Na ce, "A'a Baba, wasu yara ne a Ingila." Ya ce to hannunsu ya faɗa, amma ina waƙar? Tambayarsa tana kan hanya. Mu nan magana muke bi a waƙa, kirari da habaici da zambo, kiɗa yana biye. Su kuwa kiɗan ne ke gaba.

Abin mamaki, inda na fi samun ƙorafi a sabon kundin shi ne sun ƙara rera waƙa. Muryoyin suna da daɗi, amma da Turanci ne, kuma sun sanyaya kiɗan har ƙahonnin suka koma baya. Da rana tsaka, janareto na ƙara, mutane na cinikin kati, wasu waƙoƙin sai su wuce ban ma lura ba. Sai bayan isha'i, gari ya yi shiru, suke zama daidai. Ni dai na 2022 ya fi kwanta mini, ya fi zafi.

Wanda zai gwada, kada ya ji ta sifikar waya, don bes ɗin ɓacewa yake gaba ɗaya, rabin aikin ke nan. A nemi abin sawa a kunne ko babbar sifika. Kuma a sauke shi da garaɓasar datar dare, don da sabis irin na ƙauyenmu, sauraro kai tsaye ta intanet sai ya yi ta yankewa.