Katifar iska ta marar lafiya: ta yi mana amfani, amma sai da wuta

Duk wanda yake jinyar tsohon da ya kwanta baya iya juyawa da kansa, wallahi ya nemi katifar nan mai injin hura iska tun kafin gyambon kwanciya ya fito. Mu Baba muka saya wa, kansar mafitsara ce ta taɓa masa ƙashin baya, wata nas a asibitin Malam Aminu Kano ce ta ce mu nema, muka samu a shagon kayan asibiti a Sabon Gari.

Tamu mai gurbi-gurbi ce kamar kiret ɗin ƙwai, a kan katifar gado ake shimfiɗa ta. Injin yana hura wani layi ya sassauta wani, bayan 'yan mintuna ya canza, to kun ga nauyin jiki baya zama wuri ɗaya balle jini ya daina zagayawa a ƙugu da duwawu, don nan ne fata take fara yin ja ta ɓare. Jan da ya fara fitowa a bayan Baba ya baje, barcinsa ma ya ɗan gyaru, kuma injin ba shi da ƙara sosai.

Matsalarta NEPA. Ana ɗauke wuta za ta fara sacewa a hankali, gara dai injin baya cin wuta, ƙaramar inbata ko sola ta ishe shi, amma wanda ba shi da ko ɗaya gaskiya ya yi lissafi kafin ya saya. Sannan roba ce, lokacin zafi tana sa gumi, a shimfiɗa zanin gado na auduga guda ɗaya kawai, in aka jibga barguna an kashe amfaninta. A kiyaye ta da allura da fil, tamu ta taɓa hujewa sai da muka yi faci.

Abin da ya fi damuna shi ne masu shago suna tallarta kamar ta gama komai. Ba haka ba ne, juya marar lafiya duk bayan awa 2 yana nan, canza pampas da wuri yana nan, diddige kuma a sa filo a ƙarƙashin ƙafa ya ɗaga shi. In gyambon ya riga ya yi rami katifa ba za ta warkar ba, sai nas ta zo tana wankewa. In marar lafiyar mai jiki ne sosai kuma a nemi katifar iska mai dogayen bututu, ta fi ɗaukar nauyi.